Ajiye Wayar Nan, Yaya

Waya na hannunsa, akwai sabis, amma bai kira masu ceto ba. Kuskuren ke nan.

Ran Juma'a suka baro unguwar Mahjar ta Jidda a mota shi da ƙanensa, suka ajiye motar suka shiga yawon ƙafa cikin wani kwazazzabo tsakanin duwatsu, wai su sha iska. Ƙanen da silifas ya zo. Santsi ya kwashe shi daga kan dutse, ƙashin cinya ya huda fata ya fito.

"Ajiye wayar nan, Yaya," in ji ƙanen, yana cije leɓe. "Iƙamata ta mutu, ka sani, ba ni da izinin zama a ƙasar nan. Daga asibiti sai jirgi."

"Jini kake zubarwa, mahaukaci!"

"A Jidda aka haife ni. Su sauke ni Najeriya in nufi gidan wa? Halas, magana ta ƙare, goya ni. Da can ba kai ke goya ni ba?"

Ya ɗaure cinyar da rawaninsa, ya goya shi. Hanya ƙunci, duwatsu sun ɗau zafi kamar tanda. Ƙanen na zolayarsa a kunne: "Yalla, tsohon jaki, ƙara sauri!" Can zolaya ta koma salati, can kuma shiru. Bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf, ya ce wa ransa gumi ne.

Da ya hango motarsu ya ce, "Mun iso." Ba a amsa ba.

A Jidda aka binne shi. Yanzu kam ba mai korarsa.