Fuskar da Aka Ara wa Sagiru

Tun da manhajar gyaran fuska ta shigo, Hajiya Turai, shugabar ofis, ta kunna wa Sagiru ita ba da saninsa ba. Shi haka Allah ya yi shi, ba ya iya haɗa ido da mutane. Amma in ana taro ta bidiyo daga gida, sai ga shi a allo yana kallon kowa ido da ido, yana fara'a.

Ran Laraba ya zo ofis, ya tsaya gabanta yana yaƙe, ya ƙura mata ido har ƙwalla ta taru.

"Lafiya, Sagiru?"

"Hajiya, na ga wanda kuke so a allo. Sati uku ina koyonsa a madubi. Na yi daidai?"

Ita ce ta sunkuyar da kai.