Akwatin Kunkurun Afiniki

Dogara kafinta yana fiƙe zarto lokacin da Hedimasta Leonard ya jingine kekensa a ƙofar shago. Damina ce, a shekarar 1975. Jirgin ƙasan Jos ya wuce ke nan, Kafanchan ta yi shiru.

"Baba, akwati nake so. Na kunkuru. A falo zan ajiye shi."

Dogara bai ɗaga kai ba.

Kowa a unguwar ya san kunkurun nan. Na Afiniki ne, matar Dogara. Ta zo da shi daga Kagoma ranar aurensu, ta huda gefen ƙoƙon bayansa ta ɗaura jan zare. Shekara talatin da ɗaya yana yawo a ƙarƙashin gadonsu. Bara ta mutu. Su biyu ba su haifi ɗa ba. Kunkurun ne ya rage masa.

Wata biyu da suka wuce kunkurun ya bi ramin ruwa ya shiga lambun makaranta, ya ci tumatir. Leonard ya kama shi, ya ce ya zama kayan koyarwa. Dogara ya je har ofis, ya nuna hudar. Leonard ya yi dariya a gaban malamai.

"Huda ba shaida ba ce. Ina takarda? Kawo takarda, ka ɗauki abinka."

Dogara aji biyu ya yi a duniya. Ya sa hularsa ya fita.

Yanzu ga mutumin a shagonsa, don babu wani kafinta a kusa da ya san abin da kunkuru yake so.

"Dawo ranar Asabar," in ji Dogara.

Maƙwabta suka ce tsoho ya yi sanyi. Ranar Alhamis ma an gan shi da diga, shi kaɗai, yana rushe wani suri da ya daɗe yana damun mutane a bayan majami'a. Fasto ya yaba masa.

Akwatin ya fito da kyau. Tsawonsa taki biyu, faɗinsa taki ɗaya. Bangonsa ya yi tsayi, cikinsa sumul, don kunkuru yana hawa abin da ba a zata. A kusurwa ɗaya akwai rabin tukunya a kife, wurin ɓuya. A ɗayar, faranti marar zurfi na ruwa. Ƙasa kuwa ja, mai danshi, zurfinta ya kai tafin hannu biyu, an rufe ta da busasshen ganye. Sai da mutum uku suka ɗauke shi.

Leonard ba wawa ba ne. Ya san abin da ya yi wa tsohon. Ya durƙusa a falonsa, ya bubbuga kowane katako, yana neman ƙofar da kunkuru zai tura ya gudu gida. Bai samu ba. Ƙananan hudoji kawai ya gani a gindin akwatin.

"Na ruwa ne," in ji Dogara. "Kan ashana ma da ƙyar zai shiga."

Dogara ne ya zaɓi wurin da za a ajiye akwatin: nesa da taga, jikin bango, manne da kabad ɗin littattafai. Nan Leonard yake ajiye komai nasa, littattafan kwaleji, satifiket uku, takardar ɗaukarsa aiki, wasiƙun yabo daga sufeton makarantu. Ƙafafun kabad ɗin suna tsaye cikin gwangwanayen madara masu kananzir, don hana ƙwari hawa, kamar a kowane gidan malami.

"A cire waɗannan. Warin kananzir yana kashe kunkuru," in ji Dogara.

Emilia, matar Leonard, ta cire.

"A yayyafa ruwa kullum. Kar ƙasar ta bushe. Kar a tona ta, ba ya so."

Dogara ya shafa bayan kunkurun sau ɗaya, ya tafi.

Da hutun Agusta ya zo, iyalin suka shirya tafiya Zangon Kataf na sati huɗu. Emilia ta zo tambayar yadda za su yi da kunkurun. Dogara ya ce a sa kunkurun a kwando a tafi da shi, a zuba wa ƙasar ruwa rabin bokiti, a rufe tagogi sosai don kada ta bushe.

Ranar da suka dawo, an ji ihun Leonard har bakin titi. Gara ta yi hanyoyi na jar ƙasa a jikin kabad, daga ƙasa har sama. Littattafan suna tsaye a jere kamar yadda ya bar su. Ya ja ɗaya, bangon littafin kawai ya biyo hannunsa, cikinsa ya zama ƙasa. Satifiket ɗin kuwa, jan hatimin ɗaya kawai ya rage.

Damina ce, gara tana ko'ina. Babu wanda ya zargi kowa. Amma Emilia ta rantse tun da dabbar nan ta shigo gidanta ba ta ga alheri ba. Washegari da rana ta sa aka ɗora akwatin a amalanke, kunkurun a ciki, har ƙofar shago.

"Baba Dogara, ka riƙe abinka. Ka yafe mana."

"Maigida ya yarda?"

"Maigida ba ya magana tun jiya."

"Ba ya son in sa hannu a takarda?"

Ta juya.

Dogara ya ja akwatin bayan shago. Ya sauke kunkurun, ya ɗaura masa sabon jan zare. Sannan ya kwashe ganye da ƙasar sama, ya zare ƙusa huɗu, ya ɗaga katakon da ya shimfiɗa a tsakiya. A ƙarƙashi, cikin dunƙulen surin da ya yanko daga bayan majami'a, uwar gara tana kwance inda ya ajiye ta, fara, ta ƙara ƙiba. Ya ɗauke ta da yatsa biyu ya miƙa wa kunkurun.