Mota Mai Jin Magana

Kwana goma sha tara Alhaji Mainasara bai leƙa kara ba, dillalin shanun da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi cin kasuwar Mai'aduwa ba. Kullum yana shagon Uzoma mai kayan mota, babbar riga a naɗe, yana farautar kafiretar motar da aka daina ƙerawa tun yana yawo ba wando.

Motar ta marigayi babansu ce. Ja, ƙofa biyu, dogon hanci, a hannun wani Kwara ɗan Labanan ya saye ta a Kano. Ta shekara ashirin a bayan gida, kaji har sun ga jikokinsu a cikinta. Yanzu Mainasara ya rantse sai ta tashi, saboda Jafaru.

Jafaru ƙaninsa ne, ciki ɗaya. Shekarar da aka fara shari'a, Mainasara ya kama shi da kwalbar barasa, kuma shi da ƙafarsa ya je ya ba da shaida, don duniya ta san gidansu ba a wasa da addini. Bulala tamanin a bainar jama'a, rabin Daura na kallo, har da Nana, yarinyar da Jafaru ke nema. Washegari Jafaru ya bar gari. Shekara goma sha takwas ko gaisuwar sallah babu. Nadama ta ci Mainasara kamar gara. Abu ɗaya ya rage masa a duniya: ya ji bakin Jafaru ya ce na yafe.

Bana sai ga Jafaru ya dawo, da tumbi, da murmushi, da wata baƙar motar tsere 'yar ƙasa-ƙasa kamar ƙadangare, wadda sai mutum ya durƙusa kamar mai neman gafara kafin ya shiga. Ya rusuna ya ce, "Yaya." Tsohon zance bai tayar ba. Mainasara ma ya kasa neman gafarar.

Juma'a ta biyu da dawowarsa abin ya faru. Mainasara na tsallaka titin ƙofar gida, carbi a hannu, sai ga baƙar motar ta shawo kwana kamar an harbo ta daga gwafa. Ya tsaya turus a kan titi. Tayoyi suka yi kururuwa, mota ta tsaya cak, hancinta na shafar bakin rigarsa. 'Yan teburin mai shayi suka ɗau kabbara. Wani ya ce, "Kai, wannan shi ne direba!" Jafaru ya fito, ya dubi yayansa, ya dubi motar, ya daɗe yana dubanta. Mainasara ya rungume shi yana hawaye. Ɗan'uwa rabin jiki, in ji shi a ransa.

Tun daga ranar Jafaru ya tsani motarsa.

"Wannan ba mota ba ce, Yaya, suruka ce. Ba kuloci, giya ma ita ke zaɓa maka. Ka ɗan karkata, ta maido ka layi. Ka matsa kusa da wani, ta yi ta tsiwa. Kai dai fasinja ne aka ba sitiyari ka riƙe don kada ka yi kuka. Ka tuna jar motar Baba? Abin da ƙafarka ta ce shi za ta yi. Ba ta da ra'ayi."

Ya kai baƙar wurin Uzoma a cire mata iyayin. Uzoma ya ce sai kwamfutar duba mota da ya aika a kawo daga Onitsha ta iso, ya ga abin da ke cikin kanta tukuna.

Mainasara kuwa ya ga ƙofa ta buɗe. Ya kai bijiminsa mafi ƙiba kasuwa. Aka samo kuloci a Kano, fulogi a Damagaram, kafiretar kuma a gidan wani tsohon bakanike a garin Babban Mutum da ya mai da ita mazubin ƙusa. Da Jafaru ya ji labari, murna har kunne. Abu ɗaya ya roƙa: a walda mata ƙarfe mai kauri a gaba, wai saboda awakin hanyar Dutsi. Aka walda.

Ranar Asabar da hantsi jar mota ta yi tari sau uku, ta yi gurnani, unguwa ta cika da hayaƙi. Mainasara ya miƙa makulli da hannu biyu, kamar shi ne ƙaramin. Jafaru ya shiga, ya taka kuloci, ya sa giya ya cire, ya lumshe ido yana sauraren inji.

"Yaya, yau za mu rufe tsohon zance."

Mainasara ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka.

"Amma fara tsayawa can, daidai inda ka tsaya rannan. Bari in zagayo, mutane su ga aikin mota mai jin magana."

Ya tsaya a tsakiyar titi, ya gyara hula, yana ɗaga wa 'yan teburin shayi hannu. Daga bayan masallaci yana jin ta, giya ɗaya, giya biyu, giya uku, muryar tana ƙara kauri. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Uzoma ne, yana dariya.

"Alhaji, kwamfuta ta iso fa, na duba baƙar motar. Don Allah ka ce wa ƙaninka ya daina zagin baiwar Allan nan."

Jan hancin ya leƙo kwana, sabon ƙarfen yana walƙiya a rana.

"Ranar Juma'ar nan ko taɓa birki bai yi ba, Alhaji. Totur ya take har ƙasa, motar ce ta ƙi."