Wa Ya Cinye Tayoyin Akawu?

Mai taya ya durƙusa gaban motar, ya shafa tayar gaba ta dama, ya yi fito.

"Baba Akawu, ashe kai ma ɗan ganganci ne? Da furfurarka da komai?"

Akawu bai gane zolayar ba. Shi iska kawai ya zo a ƙara masa. Wata biyu ke nan da rasuwar matarsa, kuma yau ne ya fara fito da motar daga gida. A hanya ma sau biyu yana hawa gefen titi, ya ɗora laifin a kan tabaransa da ya daɗe bai canza ba.

Tayoyin nan abin alfaharinsa ne. Ƙaninsa ne ya sa masa su bara, irin na motocin gudu, masu faɗi da taushin roba. Suna riƙe kwalta kamar danƙo, a kwana mota ko girgiza ba ta yi, sai dai duk ramin da ka faɗa sai ka ji shi a ƙashin bayanka. Ƙanin ya gaya masa irinsu ba sa daɗewa. Amma shi da yake bin motar ma'aikata zuwa ofis, ba ya taɓa tasa sai ƙarshen mako, ya ɗauka za su kai shi shekara huɗu.

"Kawo hannunka ka ji," in ji mai taya.

Akawu ya sunkuya. Bai ga komai ba sai baƙi, yatsunsa ne suka ba shi labari. Zanen tsakiyar tayar yana nan daram, gefen waje kuwa ya shafe sumul.

"Zuwa kasuwa da dawowa ba ya yin haka, Baba. Wannan robar ba ta iya rufin asiri ba, duk abin da aka yi da ita sai ta faɗa. Wani ya yi ta zagaye da motar nan a wuri guda, kullum kwana ta hannu ɗaya. Ji nan kuma, inda ya riƙa danna birki kamar yana taka kunama. Ko wane ne, jininsa da zafi."

Akawu ya miƙe a hankali. Daga Litinin zuwa Jumma'a a ɗakin matarsa makullin motar yake kwana, cikin wani ɗan kwano. 'Ya'yansu duk sun girma sun bar gida. Ita kuwa shekara talatin da aurensu ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. In suna tafiya ƙofa take ƙanƙamewa, tana cewa, "A hankali dai, ba mu bar wuta a gida ba."

Sai abubuwa suka fara dawo masa. Asabar nawa ya shiga motar ya tarar madubi ya karkace? Sau nawa mai ya ragu, ta ce masa, "Kai dai tsufa ne ya kama ka"? Ga ranakun da yake kiran ta da rana ba ta ɗauka. In ta kira daga baya sai ta ce barci ta yi, alhali muryarta na haki, har da guntuwar dariya a ciki.

Sannan likitan ido. Matashin nan mai ƙamshin turare, wanda ya ja ta gefe ranar da ta raka Akawu asibiti. Sun fi minti goma suna ƙus-ƙus a baranda. Ta dawo tana gyara mayafi, ta ƙi haɗa ido da shi, ga lambar likitan a wayarta. Motar likita kowa ya san ta a gari, ba zai ɗauki matar wani a cikinta ba. Tsohuwar motar Akawu fa, wa zai waiga ya kalle ta?

Wata biyu Akawu yana kuka a ɓoye, yana kwana da hotonta a ƙarƙashin matashi, ga shi ba ta nan balle ya tsare ta da tambaya. Ya ji kujerar direban ma ƙyamarta yake yi.

"Nemo mini mai saye," ya ce. "Yau ɗin nan."

"Haba Baba, don tayoyi? Ai canzawa ake yi."

"Na ce ka nemo."

Mai taya ya ɗaga kafaɗa, ya buɗe but ɗin motar don ya duba safayar taya. Da ya ɗaga ta sai ga wani ɗan littafi a naɗe cikin leda.

Akawu ya fizge shi. Ya gane hannun matarsa daga yadda rubutun ya kwanta, amma haruffan sai iyo suke masa. Ya kai littafin dab da hanci, ya janye shi nesa, duk ɗaya. Ya miƙa wa mai taya.

"Karanta. Ko me ta rubuta wa likitan nan, kada ka tsallake ko kalma ɗaya."

Mai taya ya goge hannu a wando, ya buɗe tsakiya.

"Litinin: zagaye goma a tsohon filin ajiye motoci, ta mutu mini sau shida. Laraba: matar maƙwabci ta ce in ban daina dukan birki ba zan cinye masa tayoyin nan, ya kore ni."

Mai taya ya koma shafin farko. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Likita ya ce bai fi shekara ba idon Akawu zai rufe, kuma kada a gaya masa tukuna. Dole in iya kafin nan, don ina raye ba wanda zai riƙa kai mijina unguwa sai ni."