Alhaji a Sahun Gaba

Ranar da intanet ɗin ofishin ƙungiyar manoman masara a Faskari ya fara jan ƙafa, shugabanta Alhaji Gide bai wahalar da kansa da bincike ba. Ya nuna Rifkatu, magatakardar da ke tura rajistar taki.

"Ita ce ke kallon fina-finai da shi. In bai gyaru ba, ta koma Tafoki ta kama fartanya."

Aka ɗauko Mas'udu daga Ƙanƙara, mai kiran kansa injiniya don ya taɓa yin kwas a Kaduna. Ya haɗa kwamfutarsa da rauta, akwatin da ke rarraba intanet, ya yi bayani yana hura hanci. Zai jera mata dokoki: wane ya wuce, wane a tare shi. Daga sama take karantawa, kuma dokar da ta fara dacewa da waya ita take bi, ba ta duba na ƙasa.

Abu ɗaya Alhaji ya ji, wato akwai sama da ƙasa.

"To wa za ka sa sama? Ko a masallaci sahun gaba nike."

"Ranka ya daɗe, ai ba sai ka faɗa ba."

Mas'udu ya rubuta wa wayar Alhaji izini a layin farko. Alhaji ya ɗauki cajarsa, ya shige ofishinsa nazarin takardu, ya rufe ƙofa kamar kullum.

Aka tare wayar Rifkatu, babu sauyi. Aka tare ta direba da ta maigadi. Rajista ta ƙi tafiya, manoman Sheme na zaune a gindin darbejiya suna kallon hadari. Bayan azahar Alhaji ya fito ya sallami Rifkatu a gabansu, ya koma ciki. Ta ɗaure ɗan kayanta a ɗankwali, ta tari mashin.

Mas'udu, yana gumi, ya toshe kowa, ya bar wa kwamfutar rajista hanya. Har yanzu jan ƙafa.

Sai a lokacin ya yi abin da ya kamata ya fara da shi, ya duba abin da ke bi ta kowane layi. Duk sun yi tsit, ban da na farko da ke ta kwarara, ga kuma kalangun 'yan dambe na tashi ƙasa-ƙasa daga bayan rufaffiyar ƙofa.