Iya Ta Ce Da Sauƙi

Shekara biyar ke nan da aka kwashe likitoci daga asibitin garinsu Tasalla, aka girke na'ura mai muryar mace. Abin da mara lafiya ya faɗa da bakinsa kaɗai take karɓa.

Tun a hanya Tasalla take roƙon mahaifiyarta. "Iya, don Allah in ta tambaye ki, ki ce ciwon ya tsananta. Kwana uku ko koko ba ya zama a cikinki."

"Da furfurata zan zauna ina raki? Allah ya kiyaye."

Suka shiga, Iya ta zauna a dunƙule tana dafe da ciki.

"Sannu, Iya. Ya jiki?" in ji na'urar.

Iya ta cije leɓe. "Alhamdu lillahi, da sauƙi."

"Wallahi babu sauƙi!" in ji Tasalla. "Dube ta mana!"

"Madalla, Allah ya ƙara sauƙi. A dawo bayan wata guda."

Tasalla ta tuna tsohon likitansu Maikano, masifaffe, wanda zai daka tsawa ya ce, "Da sauƙi kike wannan gumin? Hau gado!"

Ta durƙusa ta goya uwarta. Ko nauyin yaro Iya ba ta kai ba.