Wanda Ya Shanye Ƙoƙon Olachi

"Hadi, daina girgiza wayar nan!"

Munir sai kai-komo yake a ɗakinsa na unguwar Sharafiyya, can ƙasa mai tsarki. Yau ne bikinsa na gargajiya a Nsukka, ƙasar Ibo, amma iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, kafili, ubangidansa, bai sabunta ba, babu halin tafiya. Sai dai kallo ta wayar abokinsa Hadi da ke wurin bikin.

Ga amarya Olachi riƙe da ƙoƙo. A al'adar Ibo, za ta ratsa taro ta nemo mijinta, ta durƙusa, ya shanye abin da ke ciki. Saboda shi aka zuba zoɓo maimakon bammi. In ƙoƙon ya koma a cike, babu aure.

To wa zai karɓa? Danginsa ba wanda ya ce zai je. Mahaifiyarsa ma wata biyar ba ta ɗaga wayarsa, tun da ya ce 'yar Ibo zai aura.

Hoton ya tsaya cak.

Da hoton ya dawo, guɗa ake yi, ƙoƙon wayam.

"Hadi! Wane ɗan iskan ne ya sha?"

Wayar ta juya. Mahaifiyarsa ce tana goge baki da mayafi, Olachi durƙushe a gabanta.

"Ni ce. Maimaita in ji."